An ɗora sabon kafireto da manifol, to ina za a kai tiyoyin bakyum ɗin nan?

Duk wanda ya taɓa sauke tsohon kafireto na kamfani ya ɗora irin su Holley ko Edelbrock ko Weber, ya haɗa da sabon manifol na alminiyam, wato bututun da ke raba iska da fetur daga kafireto zuwa silindoji, ya san abin da ke biyo baya. An gama ɗaure notina, an murza ki inji ya tashi, sai ka leƙa gefe ka ga tiyoyi kusan goma suna reto babu inda za a soka su. Tsohon kafireton, musamman na motocin shekarun 1970 da 1980, jikinsa duk ƙananan bakuna ne kowanne da tiyonsa, shi kuwa sabon uku ko huɗu ne da shi shikenan. To daga nan ake fara kwaɓa ta. Wani ya soka kowane tiyo duk inda ya ga ya shiga daidai, wani ya cusa musu noti ya toshe su gaba ɗaya ya ce ai duk tarkacen hayaƙi ne, sai mota ta fara halinta, silo ya ƙi zama, birki ya yi tauri, giya ta ƙi shiga a kan lokaci, ka kashe ki inji ya ci gaba da karkarwa. Sai kuma a ɗauko sukundireba a hau murɗa sukurorin kafireto ana cewa ai tun daga kamfani ne ba a saita shi ba.

Sau da yawa kafireton nan ba shi da laifin komai. Matsalar ita ce mutane na ɗaukar bakyum a matsayin abu guda, alhali kala uku ne a jikin inji ɗaya, kuma kowane tiyo da kalar da yake so da lokacin da yake son ta. In ka gane wannan, tiyoyin nan goma za su koma huɗu ko biyar masu muhimmanci, sauran kuma za ka san dalilin da ya sa ka toshe su.

Mu fara da shi kansa bakyum ɗin. Ka ɗauki sirinji ka toshe bakinsa da yatsa ka ja, za ka ji yana zuƙar yatsanka, to haka fistin yake yi idan yana sauka alhali faifan totur yana rufe, yana neman iska bai samu isasshiya ba, sai matsin da ke cikin manifol ya faɗi ƙasa da na iskar waje. Wannan bambancin shi ake aunawa, galibin gejin kuma da inci na zaiba suke nunawa. Inji lafiyayye da ba a taɓa masa kamshaf ba yakan ba da inci 17 zuwa 21 a silo idan wurin bai da tudu sosai, kuma duk hawan ƙafa 1000 sama da teku, wajen mita 300 kenan, lambar na raguwa da kusan inci ɗaya, don haka wanda ke kan tsauni kar ya tsorata in ya ga 15. Ka taka totur har ƙasa allurar geji ta faɗo kusa da sifili tunda ƙofa a buɗe take babu abin da ya tare iska, ka saki ƙafa a guje ta haura 23 ko fiye. Wannan shi ne bakyum na manifol, ana ɗibarsa daga ƙasan faifan totur, kuma a zahiri shi ke gaya maka nauyin da inji yake ɗauke da shi, in ya yi sama inji na hutawa, in ya yi ƙasa inji na wahala.

Na biyun shi ne wanda ake ɗiba daga wani ɗan huji da ke saman gefen faifan totur kaɗan. A silo faifan bai wuce hujin ba, saboda haka hujin na ganin iskar waje ne, bakyum sifili. Kana taɓa totur kaɗan gefen faifan ya haura hujin, nan take ya koma ganin abin da manifol ke gani. Wato daga lokacin da ka fara tafiya shi da na manifol kusan abu ɗaya ne, a totur cike ma dukkansu sifili ne, sai idan totur na rufe, kamar a silo, kaɗai suke rabuwa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Na ukun kuma na maƙogwaron kafireto ne, inda hanyar ta tsuke iska ta ƙara gudu, shi ba ruwansa da rufewar totur, yawan iskar da ke wucewa ne ke ƙara masa ƙarfi, kuma shi ne ke jawo fetur daga jet, shi ne kuma ke buɗe bakuna biyu na baya a Holley 4160. Wannan a cikin kafireto yake aikinsa, da wuya ka buƙaci soka masa tiyo.

Yadda za ka gane wane baki ne wane ba wahala. Inji na silo, ka cire murfin robar ka ɗora yatsa, in ya tsotse ka na manifol ne, in shiru sai ka ɗan ja totur sannan ya tsotsa to na saman faifai ne. A Edelbrock Performer, in kana tsaye gaban mota kana kallon inji, ƙaramin bakin da ke hagunka shi ne na saman faifai, na damanka na manifol, babban na tsakiya na PCV ne, wato bawul ɗin da ke zuƙo tururin cikin inji ya mayar da shi manifol, a baya kuma akwai huji mai zare na birki. Holley kuma yawanci na saman faifan yana jikin bulok ɗin da sukurun mai yake, na manifol yana can ƙasa a gindin kafireto. Amma ni dai ko an zana maka a takarda ka gwada da geji, don samfura sun bambanta kuma gwajin bai kai minti ɗaya ba.

Yanzu wa zai sha daga ina. Bustar birki na manifol take so, cikakke, ta babban tiyo mai kauri wanda ba ya lotsewa idan an zuƙe shi, galibi mai faɗin 3/8 ko 11/32 na inci, kuma da ɗan bawul ɗinta mai barin iska ta bi hanya ɗaya, shi ne ke riƙe mata bakyum ko inji ya mutu kana kan gangara. Kar a sa mata tiyon fetur na banza, zafi na dukansa zai yi laushi ya manne. Abu na biyu da ake yawan yi don lalaci shi ne a haɗa birki da PCV a baki ɗaya da 'yar mahaɗa mai kai uku. PCV fa yoyo ne da aka yi da gangan, kullum iska na bi ta cikinsa tare da tururin baƙin mai, to ka ga ya rage wa birki ƙarfin zuƙa kuma tururin man na iya kaiwa ga robar busta ya cinye ta a hankali. Kowa a ba shi bakinsa. In kana so ka tabbatar busta na aiki, inji a kashe ka taka birki sau huɗu biyar har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai ka tayar da inji, ya kamata ka ji feda ta ɗan nutse.

Shi PCV ɗin wurinsa babban bakin da ke gindin kafireto, dalili kuwa daga nan iskar da yake shigo da ita za ta rabu ga duk silindoji daidai. In ka kai shi wani huji da ke kan reshe ɗaya na manifol, silinda ɗaya ko biyu ne za su sha iskar su kaɗai, man su ya yi ƙaranci, filoginsu ya riƙa datti da baƙin mai, ka yi ta neman misin ba ka san daga ina yake ba. Kuma dole ɗaya murfin bawul ɗin ya kasance da wurin shigar iska mai tacewa, in ba haka ba iska ba za ta zagaya cikin inji ba. Masu cire PCV gaba ɗaya su sa matatar iska a murafen biyu suna ganin sun huta, amma danshi da tururin fetur za su zauna a cikin baƙin mai, bayan 'yan watanni ka buɗe murfi ka ga laka, ga sil na ta zubar da mai saboda matsi. Wannan ba ya cikin abin da ake kira tarkace.

Sai giyabos na otomatik. Tsofaffi irin TH350 da TH400 na GM, da C4 da C6 na Ford, suna da wata 'yar gwangwani a jikinsu mai karanta bakyum na manifol don giyabos ya san nauyin da inji ke ja. Ka manta da tiyonta, giyabos zai ɗauka kullum totur a cike yake, sai ya riƙa jinkirin canza giya kuma in ya canza ya buga da ƙarfi. Ka kai ta bakin saman faifai kuma ta rikice a duk lokacin da ka saki totur. In robar cikinta ta fashe inji zai riƙa zuƙo man giyabos yana ƙonawa, farin hayaƙi a salansa, man giya na raguwa babu ɗigo a ƙasa. Amma a kula, 700R4 da 200-4R da AOD na Ford ba da bakyum suke wannan aikin ba, waya ce ke tafiya daga hannun totur zuwa giyabos, ita ke saita matsin man ciki, kuma canza kafireto na canza nisan da wayar ke ja. Wannan ba zancen tiyo ba ne amma ya fi duk tiyoyin haɗari, don in wayar ta yi sako-sako kulocin ciki na iya ƙonewa cikin tafiya kaɗan, saboda haka a nemi madaidaicin ƙarfen da ake ɗaure ta a kai kafin a fita titi. Ƙaramin tiyon da ya shige cikin dashbod kuwa na ƙofofin hita da esi ne, na manifol yake so, in ya ɓace a motoci da yawa iska ta gilashin gaba kawai za ta riƙa fita.

To mun zo inda ake musu, tiyon distiributa. Wasu sun rantse sai na saman faifai, wasu sun rantse sai na manifol, kuma an daɗe ana wannan gardama kamar wani babban abu ne ya raba su, alhali mun riga mun ga idan totur na rufe, kamar a silo, kaɗai suke bambanta. Aikin gwangwanin da ke jikin distiributa shi ne ya matso da wutar filogi gaba idan inji ba ya jan nauyi, saboda a lokacin abin da ya shiga silinda kaɗan ne, ga shi gauraye da ragowar hayaƙi, ba ya ci da sauri, dole a kunna shi da wuri don ƙarfinsa ya sami fistin a inda ya dace. Silo ma ai irin wannan yanayin ne, har ya fi. Kenan ta fuskar konewa zalla inji na son ƙarin taimin a silo, wato a kunna wutar filogi da wuri, kuma na manifol ne ke ba shi. Me ya sa to motoci da yawa suka fito daga kamfani a kan na saman faifai? Babban dalilin dokokin hayaƙi ne na Amurka daga ƙarshen shekarun 1960, musamman bayan dokar tsabtar iska ta 1970. Injiniyoyi suka ga in aka jinkirta wuta a silo hayaƙin zai fita da zafi sosai ya ƙarasa ƙone ragowar fetur a hanyar salansa, gwaji ya yi kyau, ko da kuwa inji zai ɗan ƙara zafi ya ƙara shan mai a tsaye.

Ra'ayina, in injin ya riga ya rabu da tsarin kamfani, an sa manifol na alminiyam, wataƙila har da kamshaf mai ɗan girma, a fara gwada na manifol. Yawanci za ka ga silo ya yi santsi, zafi a cunkoso ya ragu, tashi daga tsaye ya yi kaifi. Sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne mutane ke tsallakewa sannan su dawo su ce na manifol ba ya yi. Kowane gwangwani da adadin bakyum ɗin da yake buƙata kafin ya gama ja, to dole ya gama ja a wajen inci 2 ƙasa da abin da injinka ke bayarwa a silo. Misali injinka na ba da 12 a silo gwangwanin kuma sai 15 yake cika, ka ga yana rataye a tsakiya kenan, bakyum ya ɗan sauka taimin ya ja baya, inji ya rage gudu, bakyum ya ƙara sauka, sai kuma ya farfaɗo, haka silo zai yi ta hawa da sauka kana zagin kafireto. Maganin a canza gwangwani zuwa mai cika da wuri ko a sa wanda ake saitawa. In kuma motar na nan da duk kayan hayaƙinta kuma ana duba ta a inda kake, to a bi zanen da ke manne ƙarƙashin bonet a huta.

Akwai wata sarƙa da ya kamata a fahimta a nan don ita ke cinye wa mutane kwanaki. Taimin ya yi baya, inji ba ya iya silo, sai a ɗaure sukurun silo don ya tsaya da rai, faifan totur ya buɗe fiye da kima. To a bangon maƙogwaro dab da faifan akwai wata siririyar tsaga da ke ba da mai a tsakanin silo da lokacin da babban jet zai karɓa. A silo ɗan ƙasanta kaɗai ya kamata ya leƙo, in ka juya kafireto ka duba ta ƙasa tsawon abin da ya bayyana ya yi daidai da faɗinsa. In faifai ya buɗe da yawa tsagar ta bayyana sosai, inji ya koma shan mai ta nan, sukurorin mai su daina jin magana, ka ɗaure su har ƙarshe inji bai ko girgiza ba, ido na yaji don warin fetur, ka taka totur mota ta yi tuntuɓe tunda man da tsagar za ta bayar an riga an shanye shi, ka kashe ki ta ci gaba da karkarwa. Kuma a wannan halin har bakin saman faifai zai fara nuna bakyum a silo, wanda shi ne alamar da ta fi sauƙin gani. Duk wannan ba jet ba ne, ba girman kafireto ba ne, ƙarin taimin ake buƙata don a samu a mayar da faifan ya rufe.

Kayan hayaƙin da suka rage fa? EGR, wanda ya yaɗu a motocin Amurka daga wajen 1973, yana mayar da ɗan hayaƙi cikin manifol don rage zafin konewa, kuma ba ya taɓa son na manifol, in ka ba shi zai buɗe a silo inji ya mutu. Manifol na kasuwa da yawa ma ba su da wurin ɗaura shi. Abin lura shi ne distiributan kamfani an tsara shi ne da sanin cewa EGR na nan, don haka gwangwaninsa na ba da taimin mai yawa, ka cire EGR ka bar shi yadda yake sai ka fara jin ƙyas-ƙyas a inji idan ka ɗan taka a hawa. Ba fetur ne ya lalace ba, taimin ɗin ne ya yi wa sabon yanayin yawa. Gwangwanin gawayi kuma tururin tankin mai yake tarawa, kar ka toshe layin da ya taho daga tanki don tankin na numfashi ta nan, in ka toshe ko ya kumbura ko famfo ya kasa jawo mai bayan tafiya mai nisa. Waɗancan 'yan suwic masu bakuna biyu uku da ke ɗaure a hanyar ruwan inji, zafi suke ji su buɗe ko su rufe bakyum, in abin da suke yi wa hidima ya tafi su ma aikinsu ya ƙare. A ƙasashe da jihohi da dama cire waɗannan kaya daga motar da ke hawa titi laifi ne, California ta fi kowa tsanani a kai, kowa ya san dokar inda yake kafin ya yanke tiyo.

Duk bakin da ba a amfani da shi a rufe da murfin roba mai kyau, a kuma riƙa duba su don zafi na tsattsaga su. Kuma kafin a taɓa sukuru ko ɗaya a tabbatar babu yoyo, saboda ba a saita inji mai shan iska ta ɓarauniyar hanya. Wurin da aka fi samunsa bayan irin wannan aiki shi ne gindin kafireto, musamman in an ɗora mai bakuna huɗu daidai wa daida a kan manifol da aka yi wa kafireton Quadrajet mai ƙananan bakuna a gaba manya a baya, gasket ɗin ba ya samun wurin kamawa sosai sai an sa farantin da ke daidaita su. Sai gefen manifol inda ya haɗu da kan silinda, alminiyam na buɗewa da zafi fiye da ƙarfe, don haka bayan inji ya yi zafi ya huce a sake bin notinan daga tsakiya zuwa waje bisa ƙarfin da kamfanin ya faɗa. Hanyar nema da kowa ya sani ita ce fesa ruwan wankin kafireto kaɗan kaɗan a mahaɗa ana sauraron ko gudun inji zai canza, tana aiki amma abin na kamawa da wuta, a yi nesa da salansa da wayoyin filogi kuma abin kashe gobara na kusa. Na'urar hura hayaƙi ta fi aminci in akwai. Akwai kuma yoyon da feshi ba zai taɓa nuna maka ba, wanda ke ƙasan gasket ɗin manifol ta cikin inji a V8, yana zuƙo iska da baƙin mai daga ciki. Gwajinsa ka cire PCV ka toshe duk ƙofofin murafen bawul, ka ɗora geji a bututun sandar duba mai na ɗan lokaci, inji lafiyayye ɗan matsi zai tara, in ka ga bakyum to gasket ya zame.

In an gama da yoyo sai matsin fetur, don kowane kafireto da abin da allurar fulot ɗinsa ke iya tarewa. A ma'aunin matsi na psi, Weber 32/36 wajen 3 yake so, Edelbrock kar ya wuce 6, Holley na ɗaukar har wajen 7. Famfon da ya fi ƙarfinsu zai cika kwanon ya riƙa ɗiga a maƙogwaro, babu sukurun da zai gyara wannan. Daga nan taimin, inji da zafinsa, tiyon distiributa a cire a toshe. A injin Chevrolet 350 na titi abin da aka saba shi ne digiri 10 zuwa 14 a silo, jimilla 34 zuwa 36 idan inji ya kai wajen juyi 3000 a minti, sannan gwangwani ya ƙara 10 zuwa 15 a kai lokacin tafiyar hutu, kar ka firgita in ka ga kusan 50 a wannan yanayin, kana taka totur zai janye. Wasu injina lambobinsu daban ne, a duba na kowanne. Ka mayar da tiyo, in na manifol ne silo zai haura, sai ka sassauta sukurun silo ya dawo, faifai ya rufe, abin da ake nema kenan tun farko.

Sai yanzu aka zo kan sukurorin mai. Ka soka geji a na manifol, ka ɗaure kowanne a hankali har ya taɓa, kar ka matse don bakinsa na lalacewa, ka warware juyi ɗaya da rabi, sannan ka riƙa motsa su kwata kwata na juyi, ɗaya bayan ɗaya, kana neman inda allura ta fi hawa ta kuma tsaya cak, duka biyun su ƙare kusan daidai da juna. In otomatik ce a ƙarasa saitin tana cikin giya wani na taka birki. Allurar ma magana take yi in ka iya saurare, in ta tsaya ƙasa ba ta motsi ko taimin ne a baya ko yoyo, in tana yawo a hankali mai ne bai daidaita ba, in tana faɗuwa tana dawowa a kan ƙa'ida silinda ɗaya ne ke da matsala, bawul ko filogi, in kuma ka riƙe inji a juyi 2500 ta riƙa zamewa ƙasa sannu sannu to salansa ce ta toshe.

Lambar nan da ka samu a silo kar ka yar da ita don da ita ake zaɓen abin da ke ƙara mai idan an taka. A Holley wani bawul ne mai lamba a jiki, bakyum ke riƙe shi a rufe, in ya faɗi ƙasa da lambar sai ya buɗe, da yawa suna zuwa da 6.5, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce rabin bakyum ɗin silo, mai 13 ya zauna a 6.5, mai 9 ya sauko 4.5, in ba haka ba zai riƙa buɗewa tun ba a buƙace shi ba mai na tafiya a banza. A Edelbrock sanduna ne biyu da ke shiga cikin jet, bakyum na danne su ƙasa sifirin na tura su sama, sifirin ɗin kala kala ne daga na bakyum inci 3 zuwa na inci 8, in ka sa mai ƙarfi a injin da bakyum ɗinsa kaɗan ne sandunan za su yi ta rawa. Shi ya sa wanda ya sa babban kamshaf, bakyum ya sauko 10 ko ƙasa, komai nasa sai ya canza lokaci guda, gwangwanin distiributa, bawul ɗin nan, har birki ma, don busta na son wajen 16 zuwa sama kafin ta yi daɗi, sai an ƙara tankin ajiye bakyum ko famfon lantarki.

Girman kafireto da kalar manifol ma suna shiga lissafin. Ka ninka girman cikin inji a inci kubik da juyin da za ka kai ka raba da 3456, injin 350 a juyi 5500 zai ba ka CFM 557, wato yawan iskar da zai sha a minti, kuma injin titi ba ya cika cikinsa ɗari bisa ɗari, in ka ɗauki kashi 85 ka dawo wajen 470. Kenan mai 600 ya ishe shi har da rara, wanda ya ɗora 750 ko 850 kuma iska za ta riƙa wucewa a hankali a maƙogwaro, zuƙar da ke jawo mai ta yi rauni, ƙasa ta mutu. Haka manifol mai ɗaki ɗaya a buɗe, na tsere ne, sai juyi ya yi sama yake farkawa, mai ɗaki biyu irin Performer da aka yi wa daga silo zuwa 5500 shi ya dace da titi.

Gwajin ƙarshe a kan hanya ake yinsa, ka ja dogon tiyo ka shigo da gejin cikin mota wani ya riƙa duba maka. In ƙyas-ƙyas na zuwa ne a rabin totur, allura na tsakanin 8 da 12, ka taka sosai kuma ya ɓace, to gwangwani ne ya ba da yawa, a rage masa tafiya, kar a taɓa taimin na asali. In kuwa sai totur ya cika yake zuwa, allura na kusa da sifili, gwangwani ba ya cikin maganar, jimillar ce ta yi yawa ko sifirin ɗin cikin distiributa sun yi laushi, a ja baya da digiri 2 a sake gwadawa.